Motar da ke ƙin tashi yau, gobe ta tashi kamar ba ita ba

Tambaya: Motata mai shan fetur ce, giyarta otomatik, ta haura shekara goma. Wata biyu ke nan tana yi mini wani hali. Sai ta yi kwana huɗu ko biyar tana tashi da murɗa makulli ɗaya, rana ɗaya kuma ta ƙi. In na bar ta na ɗan lokaci na dawo, sai ta tashi. Na sauya batir, na sauya fulogi, ba ta daina ba. Duk sanda na kai ta gareji lafiya ƙalau take tashi, har bakanike ya fara yi mini kallon mai ƙirƙirar magana. Mene ne abin yi?

Amsa: Malam, kada ka ga laifin bakaniken sosai. Ciwon da yake zuwa ya tafi shi ne mafi wuyar kamawa a wannan sana'a, domin mita da kwamfuta abin da suka tarar shi suke faɗa. In an jona su lokacin da motar take cikin hayyacinta, lafiya za su ce. Wanda ya fi kowa damar kama ta dumu-dumu kai ne, tunda kai kake kan kujerar a daƙiƙar da take ƙi. Saboda haka ka dakata da sayen kaya tukuna. Fulogin nan da ka sauya ma, in ka tambaye ni, kuɗi ne ya tafi a banza. Fulogi huɗu ba sa haɗa baki su mutu ranar Talata su farfaɗo ranar Laraba. In fulogi ya gaji, inji ya riƙa rawa ne, ko ya riƙa tari, ko shan mai ya ƙaru.

Abin da ba ka gaya mini ba shi ne abin da nake fara tambayar duk wanda ya zo mini da irin wannan ƙorafi: in ta ƙi, me kake ji? "Ta ƙi tashi" magana ce guda, amma cututtuka da dama ne a ƙarƙashinta. Akwai motar da za ka murɗa makulli ta yi tsit. Akwai wadda za ta yi ƙas sau ɗaya ta tsaya. Akwai mai yin ƙas-ƙas-ƙas da sauri kamar keken ɗinki, ko ta juya inji da ƙyar kamar mai jan ƙafa. Akwai wadda injinta yake juyawa da cikakken ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa. Akwai kuma wadda take kamawa, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ta mutu. Ukun farko matsala ce ta wuta tsakanin batir da kik, wato na'urar da ke juya inji don ya tashi. Biyun ƙarshe kuwa kik ya sauke nauyinsa, sai a koma neman mai, ko tartsatsin wuta, ko izinin ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Wanda bai raba waɗannan gida biyu ba zai iya sauya rabin motar bai taɓa inda ke ciwo ba.

To, ranar da ta sake ƙi, kada ka yi ta murɗa makulli cikin fushi. Kashe rediyo da fanka, sauke gilashi, kunna fitilar rufin mota ta ciki, sannan ka murɗa kana kallonta. In fitilar ta dusashe har ta kusa mutuwa, kik yana neman wuta ne wutar ba ta isa, ko batir ya yi rauni ko akwai inda hanya ta toshe. In fitilar ba ta ko motsa ba, haskenta yana nan yadda yake, to kik ɗin bai ja komai ba: ko umarni bai kai gare shi ba, ko ya kai amma cikinsa bai haɗa ba. Ɗauki wayarka ka yi bidiyon dashbod da sautin. Ka kuma riƙe a ranka ko injin da zafi ne ko da sanyi, ko an yi ruwan sama ko an wanke inji, awa nawa ta yi a ajiye, ina allurar mai take, da wane makulli ka yi amfani da shi. In ka tara irin wannan sau uku, sau da yawa da kanka za ka ga zaren da ya haɗa su.

Bari in daɗe a kan batir da wayoyinsa, domin nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Sabon batir ba ya wanke hanyar da wuta take bi. Kik na ƙaramar mota mai fetur yana jan wuta da ta kai amfiya 100 zuwa 200 a lokacin da yake juya inji, alhali fitilun dashbod da rediyo ɗan abin da suke sha bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa za ka ga komai yana haske, hon yana kuka, amma inji ko gezau. Kan batir da ya yi sako-sako, ko wanda farin gari mai shuɗi-shuɗi ya ci, zai bar amfiya biyar su wuce ba gardama, amma in aka nemi ɗari biyu sai ya shaƙe. Kuma irin wannan haɗi yana sauya hali: zafi ya buɗa shi, sanyi ya matse shi, gargadar hanya ta girgiza shi ya zauna daidai na kwana biyu. Ka sa hannu ka gwada murɗa kawunan batir ɗin. In ɗaya ya juya ko da kaɗan ne, ka sami abin zargi na farko. Ka kwance, baƙin kai tukuna sannan jan, ka goge ciki da waje har ƙarfen ya yi ƙyalli, ka mayar da ja sannan baƙi, ka ɗaure tamau.

Wadda ake mantawa ita ce wayar bodi, wato mai kaurin nan da ta taso daga baƙin kan batir zuwa jikin mota, da 'yar'uwarta da ta haɗa jikin motar da inji. Duk wutar da ta shiga kik ta nan take komawa batir. Na taɓa fama da wata mota kwana uku a kan wannan. An riga an sauya mata batir da kik kafin ta zo hannuna, kuma wayar a ido sumul take, robarta ko tsagewa babu. Sai da na kama ta na lanƙwasa kusa da inda aka ɗaure ta a jikin inji, na ji tana ƙaras-ƙaras kamar busasshen kara. Da na yanka robar, koren gari ne ya zubo a tafin hannuna, silin tagullar da suka rage da rai ba su fi a ƙirga da yatsu ba. In injin ya ɗan karkata daidai, sai su haɗu ta tashi. In ya karkata wani gefen, shiru. Akwai gwaji mai sauƙi na wannan: sa'ad da ta ƙi, ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, ka maƙala bakinta ɗaya a baƙin kan batir, ɗayan a wani ƙarfe mai tsabta a jikin inji, ka murɗa. In ta tashi nan take, wayar bodi ce.

In kana da mita, ko mai yi maka aikin wayar mota yana da ita, ga lambobin da za a nema. Batir mai cikakken caji da ya huta yana nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2, kusan rabi ya rage. Lokacin da kik yake juyawa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In inji yana aiki kuwa, altaneta, wato mai yi wa batir caji, ya kamata ya ɗaga shi zuwa wajen 13.8 zuwa 14.4. Amma gwajin da na fi yarda da shi, wanda kuma ba kasafai ake yi ba, shi ne auna wutar da take ɓacewa a hanya. A sa tsinken mita ɗaya a kan dalmar jan kan batir ita kanta, ɗayan a kan babban notin kik, wani ya murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne abin da waya da mahaɗanta suka cinye. In ya wuce rabin bolt, akwai ɓarna. Haka za a yi tsakanin baƙin kan batir da jikin inji, can ma bai kamata ya wuce 0.2 zuwa 0.3 ba. Dalilin da ya sa nake nacewa a auna ana murɗawa shi ne, in mota tana zaune, silin waya guda ɗaya tak ya isa ya sa mita ta ce hanya a buɗe take. Sai an ɗora mata kaya ake gane gaskiyarta.

Wani gargaɗi a nan, tunda har yanzu ana yi: kada ka yarda kowa ya cire kan batir alhali inji yana aiki wai don a gwada altaneta. Dabara ce ta zamanin motocin da ba su da ƙwaƙwalwa. A motar yau, wutar da za ta yi tsalle a wannan lokacin tana iya ƙona kayan da suka fi altanetan tsada nesa ba kusa ba.

Yanzu ƙas ɗin nan guda ɗaya mai nauyi, fitila kuma ba ta dusashe ba. A motar da ta haura shekara goma, wannan shi ne abin da na fi zargi, kuma ya yi daidai da labarinka na cewa in ka dawo sai ta tashi. A bayan kik akwai wani ɗan gwangwani da ake kira solonoyid. Aikinsa biyu ne: ya tura ƙaramin haƙorin kik ya shiga haƙoran filawul, babban faifan da ke juyawa tare da inji, sannan a ƙarshen tafiyarsa ya danna wani faifan tagulla a kan wasu tagulla biyu, babbar wuta ta wuce zuwa abin da ke juyawa a cikin kik ɗin. Duk tashi ɗaya sai an yi tartsatsi a wurin. Bayan dubban tashi, tagullar takan cinye, ta yi rami-rami, ta yi baƙi. Faifan yana ɗan juyawa a kowane bugu, don haka yau ya sauka a wuri mai kyau ta tashi, gobe ya sauka a kan ƙonannen wuri ka ji ƙas kawai. Shi ya sa mai irin wannan mota zai ce maka sai ya murɗa sau biyar ko shida take kamawa. Kik ɗin kamfanin Denso da ke cikin motocin Toyota da yawa an san shi da wannan, kuma abin daɗin shi ne tagullar ana sayar da ita daban, a kwance a sauya ba tare da an jefar da kik ɗin gaba ɗaya ba.

Ɗan'uwan wannan ciwo shi ne cinyewar kabon, wato gawayin da ke gogar abin da ke juyawa a cikin kik. In ya gajarce, sifirin ɗin da ke tura shi ba ya iya danna shi sosai, sai wani lokaci ya taɓa wani lokaci ya ƙi. Daga nan ne dabarar ƙwanƙwasa kik ta samo asali: wani ya riƙe makulli a murɗe, wani ya ɗan bugi jikin kik ɗin da ƙotar guduma ko sifana. In ta tashi, an gama bincike, kik ne. Amma bugu na hankali, domin yawancin kik na yanzu maganaɗisu ne manne a cikinsu, in ya fashe an tashi daga gyara an koma saye. Kuma wannan gwaji ne, ba magani ba ne. Motar da ta saba da duka wata rana za ta ƙi ko an doke ta. A tabbata giya tana P, an ja birkin hannu, kafin kowa ya sa hannu kusa da inji.

Zafi yana ƙara tona asirin kik mai rauni. In ka lura cewa da safe ba ta taɓa ƙi, sai bayan ka yi tafiya ka tsaya minti goma ka dawo, to ka tuna cewa a motoci da yawa kik yana maƙwabtaka da bututun hayaƙi. Bayan an kashe inji, fanka ta tsaya, iska ta daina ratsawa, zafin ya taru a wurin. Waya mai zafi ba ta wuce da wuta kamar mai sanyi, solonoyid ɗin da dama da ƙyar yake ja sai ya kasa. Rabin awa in ya huce, ya dawo aiki.

In kuwa tsit take yi, ba ƙas ba komai, fitilun dashbod suna nan garau, to umarnin ne bai isa ba, kuma tunda motarka otomatik ce ga abin da za ka fara yi: taka birki, mayar da giya N, ka murɗa. Ko ka riƙe makulli a murɗe kana ɗan girgiza sandar giya a P. Akwai wani makunni a jikin giyabos da ke hana mota tashi in ba a P ko N take ba. In ya tsufa ko saitinsa ya goce, sai motar ta ɗauka tana cikin giya alhali tana P. Duba ma harafin da ke dashbod, wani lokaci za ka ga P ɗin bai fito ba. A mota mai kuloci, makunnin yana ƙarƙashin fedar kuloci ne, kuma na sha ganin tabarmar ƙafa da ta naɗe ta hana feda kaiwa ƙasa. Mota mai maɓallin dannawa kuma sai ta ga an taka birki, don haka in makunnin birki ya lalace har fitilun birki na baya ba sa kamawa, ita ma tana iya ƙin tashi.

Bayan wannan sai rile, ɗan makunnin lantarkin da ke miƙa umarni zuwa kik. Buɗe akwatin fiyus da ke cikin bonet, a bayan murfinsa akwai zanen da ke nuna wanne ne na kik. Sau da yawa za ka tarar da wani rile mai lamba iri ɗaya a kusa, na hon ko na fitila. Musanya su. In ciwon ya bar kik ya koma hon, ka kama ɓarawo da kuɗi kaɗan. Sai mazaunin makulli shi kansa, wanda tagullar cikinsa take cinyewa da shekaru, musamman in an rataya wa makullin tarin wasu makullai masu nauyi suna lilo. Alamarsa ita ce fitilun dashbod su riƙa ƙiftawa ko su ɗauke in ka ɗan motsa makullin.

Ƙas-ƙas-ƙas mai sauri, ko juyawa da ƙyar, ba sai na tsawaita ba: wuta ce ta yi kaɗan. In ka tabbatar da kawunan batir da wayar bodi, saura tambaya biyu. Ko altaneta ba ya cika batir ɗin, ko wani abu yana tsotse shi in mota tana ajiye. In ƙin tashin ya fi zuwa bayan ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, na biyun ne. A sa mita a auna abin da take sha bayan an kashe komai an rufe ƙofofi an jira kamar rabin awa, ƙwaƙwalenta su yi barci. Abin da ya wuce wajen miliamfiya 50 abin bincike ne, sai a bi layukan fiyus ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan lokuta kayan da aka ƙara daga baya ne: rediyo, na'urar bin sawu, ƙararrawar ɓarayi, ko fitilar but da ba ta mutuwa. Gajerun tafiye-tafiye ma suna da nasu, in kullum minti biyar kake yi ka kashe, batir ba ya mayar da abin da kik ya ɗiba.

Mu koma ɗaya gidan, inda inji yake juyawa lafiya amma ya ƙi kamawa. Kada ka wuce daƙiƙa goma kana murɗawa a jere, ka bar kik ya huta tsakani, in ba haka ba za ka ƙara wa kanka ciwo na biyu. Fara da kunne. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod suke kamawa, ka tsaya nan. Daga wajen kujerar baya ko bakin tanki ya kamata ka ji wani siririn zuuu na kamar daƙiƙa biyu, famfon mai ke nan yana cika layi. Ka saba da wannan sauti tun a ranakun da take lafiya, don ka gane ranar da babu shi. In babu, ko famfon ne, ko rilensa, ko soket ɗinsa. Famfon da ya tsufa yana da hali irin na kik: yakan tsaya a wurin da ya mutu, in aka bugi ƙasan tanki da tafin hannu ana murɗawa sai ya motsa. Masu tsofaffin Honda na shekarun 1990 sun san wani nau'in wannan, inda dalmar da ke cikin babban rile take tsagewa, motar ta ƙi tashi in cikinta ya yi zafi a rana, ta tashi in an buɗe ƙofofi ya huce.

In famfon yana kuka amma sai an daɗe ana murɗawa take kamawa, gwada wannan: kunna zuwa fitilun dashbod, jira daƙiƙa uku, kashe, ka maimaita sau uku, sannan ka tayar. In ta tashi da bugu ɗaya, mai ne yake zurarewa ya koma tanki in ta zauna, saboda bawul ɗin da ke riƙe shi ya saki. Ma'aunin matsin mai zai tabbatar. A yawancin motocin fetur masu nozul (mai fesa mai cikin inji) na gama-gari ana neman matsin da ya kai wajen bar 3 zuwa 4, kuma allurar ta tsaya ba ta zube da sauri ba bayan an kashe. In kuma kana jin warin fetur bayan ta ƙi, mai ne ya yi yawa, wataƙila nozul yana ɗiga ko sensar zafin ruwa tana yi wa ƙwaƙwalwa ƙaryar cewa injin da sanyi yake. A motoci da yawa in ka take totur har ƙasa kana murɗawa, ƙwaƙwalwar takan yanke mai don injin ya bushe ya kama.

Sai sensar karanshaf (babban sandan da fistin ke juyawa a cikin inji), wadda ita ce gwanar wannan wasan ɓuya. Ita take gaya wa ƙwaƙwalwa cewa inji yana juyawa da kuma inda fistin yake. In ta yi shiru, ƙwaƙwalwa ba za ta ba da wuta ba, ba za ta buɗe nozul ba, ko da komai lafiya yake. A cikinta akwai siririyar waya ko ɗan kayan lantarki da zafi yake buɗewa, in ta huce ta koma daidai. Mai irin wannan mota yakan ce da safe ba matsala, amma in ya tsaya shan mai ko ya shiga wani wuri ya fito, sai ta yi ta juyawa a banza har sai ta huce. Wani lokaci ma tana tafiya take mutuwa kamar an zare makulli. Kalli allurar da ke nuna juyawar inji sa'ad da kake murɗawa. A motoci da yawa takan ɗan ɗaga. In ta saba ɗagawa amma ranar ƙin ta kwanta shame-shame a sifili, ka faɗa wa bakanike wannan kafin komai.

Wadda take kamawa ta mutu nan take, ko take juyawa wata 'yar fitila mai hoton makulli ko kwaɗo tana ƙiftawa a dashbod, tsarin hana sata ne bai gane makullin ba. A cikin kan makullin akwai 'yar ƙwayar lantarki, a kewayen ramin makulli kuma akwai zoben waya da ke karanta ta. Makullin da ya sha faɗuwa, ko wanda aka haɗa shi a zobe ɗaya da makullin wata motar, yakan rikita karatun. Yi mako biyu kana amfani da makulli na biyu shi kaɗai, ka gani. In motar mai maɓalli ce, sauya ɗan batirin rimot, yawanci CR2032 ne, kuma in ta ƙi ka kara rimot ɗin a jikin maɓallin ka danna, motoci da yawa an yi su su karanta shi a haka ko batirinsa ya mutu.

Game da sa kwamfuta: a sa, amma a san iyakarta. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, duk suna da soket ɗin OBD-II, inda ake jona kwamfutar, galibi a ƙarƙashin sitiyari, kuma ƙwaƙwalwa takan ajiye lambar laifi ko fitilar gargaɗi ba ta kama ba. P0335 tana nuni ga layin sensar karanshaf, P0340 ga na kamshaf (sandan da ke buɗe bawul), P0562 kuma cewa wuta ta yi ƙasa. Lambar tana nuna layin da za a bincika ne, ba ta ce a sayi sabon abu ba, domin soket mai datti ko wayar da ɓera ya ci lamba ɗaya suke bayarwa da matacciyar sensa. Kuma kada a bari a goge lambobin, ko a cire batir, kafin a rubuta su. Na lura kowa yana son ya ga an goge fitila ta mutu, alhali shaidar da ake nema ce aka share. Ciwon tagullar kik da na wayar bodi kuwa galibi ba sa barin wata lamba, don haka in kwamfuta ta ce ba komai, ba ta wanke su ba.

Da motarka a gabana take, kuma ta ƙi nuna halinta, ga abin da zan yi in irin mai tsit ko mai ƙas ɗaya ce. Zan sami ɗan ƙaramin kwan fitila mai bolt 12, in jona wayarsa ɗaya a kan siririyar wayar da ke kai umarni ga solonoyid, ɗayar a jikin mota, in ja shi da waya mai fiyus zuwa cikin mota in ɗaure shi inda za ka gan shi. Kullum ka murɗa makulli zai kama. Ranar da ta ƙi, kallo ɗaya za ka yi masa. In ya kama amma kik bai juya ba, umarni ya isa, laifin yana kik ko manyan wayoyinsa. In bai kama ba, a bar kik ya sarara, a koma makunnin giya, rile, mazaunin makulli da tsarin hana sata. In kuma irin mai juyawa ba kamawa ce, kwan nan a kan wayar famfon mai zan jona shi, in ce ka haɗa da kallon allurar juyawar inji. Ka nemi mai aikin wayarka ya yi maka wannan, aikin minti ashirin ne, sannan ka ci gaba da hawanta kamar kullum har ta sake yi. In ta yi, turo mini bidiyon da abin da kwan ya nuna.